Tumatirin Goggo Aili

Duane Sather ya yi wa tsohuwa mai shekara tamanin da tara ƙarya a gaban mutum ashirin, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na cocinmu, kuma yana murmushi lokacin da yake yin ta. Mijin ƙanwata Marlys ne. Wannan ba zai sa in rage masa ko kalma ɗaya ba.

Muna da ƙungiyar masu ajiyar iri a garinmu. Kowane gida yana riƙe da wani abu da iyaye suka bari, wani wake, wani kabeji, wata kabewa. Muna da dokoki biyu da ba a taɓa rubutawa ba, domin ba wanda ya zaci za a samu mai bukatar a rubuta masa. Ta farko, ba a shuka iri duka. Ko guda huɗu ne a hannunka, biyu za su shiga ƙasa, biyu su zauna a ambulan. Ta biyu, ranar shuka daga baya ake ƙirgo ta. A nan arewacin Minnesota mai hankali ba ya dasa tumatir a fili kafin makon farko na Yuni, saboda haka sai ka koma baya mako shida ko bakwai, ka shuka a ɗaki a tsakiyar Afrilu. Wanda ya riga wannan ranar bai ci ribar komai ba, wahalar da shukar kawai ya yi.

Ni Glenda Rautio na bar makaranta ina da shekara goma sha shida, na yi shekara ashirin da shida ina tuƙa motar madara. Abin da na sani a kan shuka, rabi a littattafan laburare na karanto shi, rabi kuma shukar da na kashe da hannuna ce ta koya mini. Tun shekara talatin da suka wuce nake rubuta ranar da raɓa ta daskare ta ƙarshe da ranar da ta daskare ta farko. Ba na jin kunyar faɗin cewa a garin nan ba wanda ya fi ni sanin kwanakin nan.

Goggo Aili Koskela ba goggon kowa ba ce a cikinmu, amma haka duk muke kiranta. Tana da wani tumatir da mahaifiyarta ta karɓa a hannun matar wani mahaƙin ƙarfe, babba, mai kama da zuciyar sa, launinsa ja mai haske, yana nuna da wuri. Shekara da shekaru muna ci daga lambunta, ba wanda ya yi tunanin ya ajiye irinsa, har da ni. Wannan laifinmu ne gaba ɗaya. Da ƙugunta ya karye idonta kuma ya dushe, sai ta daina shuka. Da aka zo kwashe kayanta za a mai da ita gidan kula da tsofaffi, aka tarar da ambulan a cikin gwangwanin kofi. Iri goma sha huɗu ne a ciki, shekararsu shida a ajiye. Su ne suka rage a duniya.

A taron Janairu ta aiko mana da ambulan ɗin ta hannun shugabanmu Wendell, da saƙon cewa tana so ta sake cin tumatirin nan ko sau ɗaya ne. Sai aka shiga shawarar wa za a ba reno.

Duane ya yi ritaya daga sayar da injinan noma, shekararsa biyu kacal da fara lambu. Amma ya gina kanta mai hawa huɗu a ɗakin ƙasa na gidansa, da dogayen fitilu masu kunna kansu, da wata tabarmar lantarki mai ɗumama ƙasa daga ƙarƙashi. Ya fi rabin awa yana yi mana bayaninta. Ni kuwa taga ɗaya nake da ita mai kallon kudu, da tsofaffin fitilu biyu. Wendell ya ce tsohon iri yana son ɗumi mara yankewa, kuma gaskiya ya faɗa. Aka ɗaga hannu, aka ba Duane. Ban ɗaga nawa ba.

Da yana sa ambulan a aljihu na tare shi a bakin ƙofa.

"Bakwai za ka shuka," na ce. "Bakwai su zauna a takarda. Kuma sai tsakiyar Afrilu."

"Yaya, ke da tagarki ku jira Afrilu," ya ce. "Ni rana tana cikin gidana, da makunninta a bango."

Na ce masa ranar tasa ba ta san kwanan wata ba. Ya yi dariya, ya ce in ya fara cin tumatir zai aiko mini da ɓawon in ɗanɗana.

Abin da ya biyo baya, daga bakin Marlys na ji shi, amma sai bayan komai ya lalace. Ranar uku ga Fabrairu ya shuka, duka goma sha huɗun. Hujjarsa ita ce tsohon iri ne, wataƙila rabi ba zai tsiro ba. Ainihin dalilin kuwa, yana so ya riga kowa kawo jan tumatir, a farkon Yuli, mutane su kewaye shi suna tambaya. Goma sha ɗaya suka tsiro. Duk lokacin da na tambaye shi labarinsu sai ya ce komai yana tafiya daidai, ya canja magana. Sau biyu na je gidan, sau biyun ƙofar ɗakin ƙasa tana kulle, wai kada iska mai sanyi ta shiga.

Kafin ƙarshen Maris shukar ta taɓa fitila, dusar ƙanƙara kuwa tana nan a waje har gwiwa. Ta yi tsawo, ta sirance kamar tsinken tsintsiya, ganyen ya koɗe, saiwa ta cika tukwane tana zagaye kanta. Maimakon ya rage ruwa da ɗumi, sai ya ƙara taki. A ƙarshen Afrilu aka yi wata rana mai daɗi, irin wadda ke yaudarar mutane su cire rigar sanyi. Ya kwashe su duka ya jera a tsakar gida a cikin rana, ya tafi gari cin abinci da abokansa. Shukar da aka rena a ɗaki ba ta san iska ba, ba ta san rana ba. Horo ake yi mata, awa ɗaya a inuwa yau, gobe biyu, har ta saba. Tasa ta sha awa biyar a rana ɗaya. Ya dawo ya tarar da ganye ya yi fari kamar takarda, iska ta kwantar da su, wasu sun karye daga gindi.

Har zuwa nan ba na kiran abin da ya yi zunubi. Girman kai ne da rashin sani, kuma ni ma na taɓa ƙona barkono talatin ta wannan hanyar a shekarata ta biyu da fara lambu. Da a ranar ya ɗauko farantin da shukar take kai ya kawo mini ya ce, Yaya, ga abin da na yi, da na zage shi tas, sannan mu zauna mu ceci abin da zai cetu. A lokacin da an ceci uku ko huɗu. Marlys ta ce masa ya zo wurina. Ya ce zai zo.

Bai zo ba. Ya jira mako uku, ya tuƙa mota tafiyar awa ɗaya zuwa garin da ba a san fuskarsa ba, ya sayi dashen tumatir shida a shago. Ya dawo ya juye su cikin tukwanensa, ya soka wa kowace sanda da ya rubuta "Koskela" da hannunsa.

Asabar ta uku ta watan Mayu ita ce ranar rabon dashe. Kowa yana kawo abin da ya rena a jera a kan tebura, a yi musaya, a sha kofi. Wendell ya je ya ɗauko Goggo Aili a keken guragu, ta sa rigarta ta zuwa coci. Shukar Duane ta fi ta kowa kyau a ɗakin, gajeru, masu kauri, kore shar. Mutane suka taru suna yabo, shi kuma yana tsaye hannu a aljihu yana bayanin fitilunsa.

Tun daga bakin ƙofa na ga ganyen, na gane. Amma na ga Marlys a gefe tana kallon ƙasa, sai na yi shiru. Wannan shirun nawa ne, ba na alfahari da shi.

Goggo ta ce a ɗora mata ɗaya a cinya. Duane da kansa ya ɗora. Ba ta gani sosai, sai ta bi karan da yatsa, ta kama ganye ɗaya ta shafa shi daga gindi zuwa baki, ta sake shafa wani.

"Ɗan nan, wannan na wane ne?"

"Naki ne, Goggo," ya ce.

"Nawa ba shi da haƙora."

Ganyen tumatirinta faffaɗa ne, bakinsa sumul kamar na dankalin turawa. Na shago kuwa bakinsa tsattsage ne kamar zarto. Duk wanda ya taɓa tsugunawa a lambun Goggo ya san haka, amma Duane bai taɓa tsugunawa a can ba, a faranti kawai ya san tumatirin. Nan ma da ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya, da an tsaya a nan. Sai ya yi murmushi ya ce mata fitilun zamani suna canja kamannin ganye, in an dasa a fili zai koma yadda ta sani.

A nan shiruna ya ƙare. Na ɗauki tukunya ɗaya, na kife ta a tafin hannuna, na karkaɗe sabuwar ƙasar da ya zuba. Dunƙulen saiwar ya fito da kusurwa huɗu, daidai girman ramukan roba da shaguna ke reno a ciki. Na ɗaga shi kowa ya gani.

"Tukunyarka zagayayya ce, angon ƙanwata," na ce. "Ko fitilar ce ta yi wa saiwar kusurwa?"

Ba wanda ya yi dariya. Goggo ba ta yi faɗa ba, ba ta ma juya wajensa ba. Tambaya ɗaya ta yi, ta ce ina bakwan da aka bari a ambulan. Duane ya ce babu. Ta miƙa tukunyar da ke cinyarta ga wanda ke kusa, ta kakkaɓe rigarta, ta ce wa Wendell ya mai da ita gida, ta gaji. A hanya ta gaya masa tun Janairu take jin ɗanɗanon tumatirin nan a bakinta.

Ban tsaya shan kofi ba. Na ja Marlys zuwa mota, na ce ta nuna mini inda ya zubar da su. Ta ce bai zubar ba, yana tsoron in gani a kan juji. Ya tura farantin bayan gwangwanayen fenti, ƙarƙashin 'yar tagar ɗakin ƙasa. Ita kuma duk ranar da ta sauka wanki sai ta yayyafa masa ruwa, ba ta san dalili ba, tausayi kawai suke ba ta.

Da muka isa gidan muka sauka, na tarar goma sun bushe ƙamas. Na goma sha ɗayan yana kwance a kan ƙasa, ya lanƙwashe, kansa ya mutu, karan ya yi launin toka. Amma a wata gaɓa, inda tsohon ganye ya faɗi, wani ɗan reshe ya toho, tsawonsa bai wuce babban yatsana ba, da ganye biyu ƙanana. Na ɗaga shi wajen haske. Bakin ganyen sumul yake.

Na taɓa karantawa cewa karan tumatir yana fitar da saiwa a duk inda ya samu danshi, kuma na gwada da hannuna ba sau ɗaya ba. Na ce Marlys ta kawo mini sabuwar reza da kofin gilashi. Na yanke reshen, na tsoma shi a ruwa, na riƙe kofin tsakanin gwiwoyina, ita ta tuƙa mu gida a hankali kamar mun ɗauko mai haihuwa. Na ajiye shi a tagata, tagar da aka raina.

Kwana tara ba abin da ya fito. Kullum ina canja ruwa, ina juya kofin. Ban gaya wa Goggo komai ba, domin an riga an yi mata alkawari ɗaya an karya, ba zan ƙara mata na biyu ba. A rana ta goma na ga wasu fararen tsinkaye uku a gindin. Da suka kai tsawon farce na mai da shi tukunya. Sannan na yi masa horo yadda ake yi, awa ɗaya a inuwar baranda, washegari biyu, rana ta huɗu ya fara ganin hantsi, har kwana goma. Ranar ashirin ga Yuni na dasa shi a jikin bangon gareji ta wajen kudu, inda bulo ke riƙe zafi, na binne shi har wuya.

Ya makara da mako biyu, kuma littafina ya nuna mini cewa a shekara talatin, sau ashirin da ɗaya raɓa ta daskare kafin ashirin ga Satumba. Saboda haka ban bar shi ya yi abin da ya ga dama ba. Na tsinke duk reshen da ba shi da amfani. Furen farko na ɗaure su da siririn ƙyalle don kada ƙudan zuma ya kawo musu garin furen wani tumatir, ina kaɗa karan da yatsa kowace safiya. Da 'ya'ya biyar suka kama, duk furen da ya fito bayansu na cire shi.

Duane ya riƙa zuwa yana tsayawa a bakin shinge. Wata rana ya zo da buhun taki, ya ce wannan na musamman ne, yana sa tumatir ya ninka.

"Ajiye shi a motarka," na ce.

"Yaya, har yanzu fushi ake? Mutum ya yi kuskure sau ɗaya."

"Kuskuren a Afrilu ka yi shi. Na Mayu, mota ka tuƙa awa ɗaya ka je ka sayo shi."

Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce da ya san ganye ma yana da dangi da ya tambaya. Na ce ai matsalar ke nan, da ya sani da ya nemo mai kama, ƙaryar ta zauna. Ya mai da buhun motarsa ya tafi.

Ranar goma ga Satumba rediyo ta ce raɓa za ta daskare. 'Ya'yan sun girma, sun fara canja launi, amma ba su nuna ba. Da yamma ina fitar da barguna sai ga Duane da tamfol da sanduna, ba wanda ya kira shi. Ya kafa sandunan, muka rufe, ya tafi. Kwana uku a jere ya zo. Na karɓi taimakon domin tumatirin yana bukata. Ban ce masa an yafe ba, kuma bai tambaya ba.

Ranar goma sha bakwai na tsinke su, biyar cif, babban ya cika mini hannu biyu. Kafin harshen kowa ya taɓa, na yanka huɗu na kwashe irin a kwalba. Na bar shi kwana uku ya yi kumfa, na wanke, na shanya a farantin tangaran. Na biyar ɗin na kai wa Goggo da burodi da man shanu da gishiri, haɗe da ganye ɗaya.

Ganyen na fara ba ta. Ta shafa bakinsa, ta daɗe tana riƙe da shi. Sannan na sa mata tumatirin a hannu, ta bi shi da yatsa har zuwa tsinin ƙasa. Na yanka, na kwashe irin a cokali, na ɗora yanka ɗaya a kan burodi na barbaɗa gishiri. Ta ci a hankali, ruwan yana gangara mata a haɓa, ba ta goge ba.

"Shi ne," ta ce. "Amma kin cika masa ruwa, 'yar nan. Mahaifiyata ba ta ba shi ruwa in ya fara ja."

Na ce na ji, kuma na rubuta a littafina da na koma gida. Ta cinye rabi, ta ce a rufe mata sauran sai gobe, kada ma'aikatan gidan su taɓa.

Da irin ya bushe na ƙirga, ɗari biyu da goma sha biyu. Na raba shi ambulan shida, gida shida, kowane na rubuta a bayansa da manyan baƙaƙe cewa rabi ake shukawa. Daga reshe ɗaya mai tsawon yatsa, a tagar da ba ta da makunni. Ba na ɓoye cewa ina alfahari da wannan fiye da duk abin da na yi a shekara hamsin da takwas na rayuwata.

A taron Oktoba Wendell ya tayar da maganar Duane. Wasu suka ce a bar shi tunda iri ya tsira, kuma ya taimaka da tamfol. Na miƙe na ce tsirar irin ba aikinsa ba ce, ruwan da matarsa ta riƙa yayyafawa ne, kuma in an bar wannan, gobe duk wanda shukarsa ta mutu shago zai nufa. Aka ɗaga hannu. Marlys ta ɗaga nata tare da mu.

An hana Duane Sather karɓar irin ƙungiya shekara biyar. An kwance kantarsa da fitilunta an kafa a ɗakin ƙasa na coci, kowa yana reno a kai sai shi. Kowane watan Maris shi ke wanke tukwanen ƙungiya, ɗari huɗu da wani abu, da ruwan zafi da buroshi, ni nake dubawa. Ya yi shekara biyu. Saura uku.